Kafin Ka Sayi Bindigar Ƙusa, Fara Duba Bangon Gidanka

Duk mai yawan shiga TikTok ko Facebook ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: mutum ya kara wata na'ura a jikin katako, ka ji tas, tas, tas, kafin daƙiƙa talatin ya haɗa kanta ko ya kafa silin. Da zarar ka tsaya ka kalla sau biyu, shi ke nan, tallan bindigar ƙusa zai riƙa bin ka daga Jumia zuwa AliExpress har Temu. Na'urar tana da amfani, babu shakka. Amma a ganina yawancin matasan da ke shirin sayenta don gyare-gyaren gida za su sayi wadda ba ta dace da su ba, saboda sun fara da tambayar wacce ta fi ƙarfi, alhali tambayar farko ita ce: me zan kafa, kuma a jikin me?

Yawancin bidiyon nan a Amurka da Kanada ake ɗaukar su, inda ake gina gidaje da ginshiƙan katako mai laushi, a rufe su da allon farar ƙasa. A irin wannan gida, ko'ina ka kara bindiga ƙusa za ta shige. Mu kuwa bulo ne da siminti da filasta, wani wurin ma jar ƙasa. Ƙaramar bindigar da ake yi wa talla ba a ƙera ta don bulo ba. In ka harba ta a bango, ko dai ƙusar ta lanƙwashe, ko filasta ta ɓare, ko kuma ƙusar ta yi tsalle ta dawo kanka. Saboda haka idan abin da ke ranka shi ne rataya labule, kafa talabijin a bango ko manna kanta a kicin, ajiye maganar bindiga. Abin da kake buƙata na'urar huda bango ce, da fisha da sukuru.

Wani zai ce ai akwai wadda ake tallata ta musamman don siminti, 'yar ƙarama mai kama da tocila, ga ta da araha. Gaskiya ne akwai ta, kuma ita ce na fi jin tsoro a hannun wanda bai koya ba. Ƙusoshinta suna ɗauke da ɗan sinadari mai fashewa, shi ke cilla ƙusar, kamar yadda albarushi ke cilla harsashi. Manyan kamfanoni irin su Hilti sun daɗe suna yin na'urori masu aiki da wannan dabara, amma don ƙwararrun masu gini, kuma sai an horar da mutum. Bulonmu mai rami ne a ciki, wani kuma yashi ya fi siminti yawa. Ƙusa na iya ratsa shi ta fita ɗakin da ke baya. Ga kuma wayar lantarki da bututun ruwa da aka binne cikin filasta, ba ka ganin su.

Inda bindigar ƙusa ke nuna bajinta shi ne aikin katako. Gyaran firam ɗin ragar sauro, mayar da allon bayan wadirof da ya ɓalle, kafa siririn katakon da ke riƙe silin, gyaran dirowa, haɗa 'yar kanta ta littattafai. Duk wanda ya taɓa riƙe siririn katako da hannu ɗaya, ƙusa da ɗayan, yana neman hannu na uku da zai riƙe guduma, ya san darajarta.

To wacce za ka zaɓa? Ana rarrabe su ne da kaurin ƙusa, wato geji, kuma lissafin a juye yake: in lambar ta yi sama, ƙusar ta ƙara siranta. Geji 23 kamar allura take, ta aikin ado ce kawai. Geji 18 kaurinta bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba, tsawonta daga milimita 15 zuwa 50. A kasuwanninmu ita ce za ka ga an rubuta F30 ko F50 a jikinta, lambar kuma tana nufin iyakar tsawon ƙusar da take ɗauka. Geji 16 ta fi kauri, ta dace da firam ɗin ƙofa. Sai babbar, mai harba ƙusa har milimita 90, ta masu haɗa katakon rufi. Ga mai gyaran gida, geji 18 mai ɗaukar milimita 50 ta isa. Ba ta tsaga siririn katako, kuma ramin da take bari ƙanƙane ne, fenti ma ya rufe shi. A ƙa'idar kafintoci, tsawon ƙusa ya ninka kaurin abin da za a kafa sau biyu zuwa uku, don haka allon milimita 12 ƙusar milimita 30 ce tasa. Sai dai a sani, siririyar ƙusa ba ta ɗaukar nauyi ita kaɗai. Ƙafar kujera ko gado sai da gam da sukuru.

Tambaya ta biyu ita ce me zai motsa ta, kuma a nan ne matsalar wutarmu ke shigowa. Mai aiki da iska ita ce mafi araha kuma mafi sauƙin ɗauka, amma farashin da ka gani a talla rabin labari ne. Sai da kwamfuresa da tiyo take aiki, kwamfuresa kuwa yana jan wuta sosai lokacin tashi, ƙaramin janareta sau da yawa ba ya iya tayar da shi. Ga mai shagon kafinta wannan ba matsala ba ce. Ga mai ɗaki da falo, kaya ne ya ɗaukar wa kansa. Mai jona waya a soket kuma ba ta da tsada, amma ta fi dacewa da katako mai laushi. In ta haɗu da madaci sai ta bar kan ƙusa a waje, ka koma neman guduma.

Saura mai batir, kuma ita nake ganin ta fi dacewa da mu. Amma a nan ma akwai tarko, irin wanda duk mai wayar hannu ya sani. Kamar yadda ake rubuta lambar ƙarya a jikin batirin ajiyar caji, haka ake rubuta 88V ko 388VF a jikin na'urori marasa suna. Batirin irin waɗannan na'urori yawanci ƙwayoyin litiyam biyar ne a jere, kowanne volt 3.6, jimla 18. In sun cika caji su kai wajen 20. Shi ya sa 18V na Makita da Milwaukee da 20V na DeWalt da Ingco duk abu ɗaya ne a zahiri. Lambar da ya kamata ka duba ita ce Ah, domin ita ke nuna daɗewar caji. Kuma batirin kowane kamfani da irin bakinsa, na Makita ba ya shiga DeWalt. Ke nan ranar da ka sayi batir ka zaɓi gida, duk na'urar da za ka saya nan gaba a can za ka neme ta. Karanta tallan da kyau, domin sau da yawa farashin da ya burge ka na na'urar ce tsirara, babu batir babu caja. In kuma ta hannu ce daga Amurka, duba cajar: wutarsu volt 120 ce, ta Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230. Jona ta kai tsaye ka ji ƙauri.

Sannan ka tambayi kanka inda za ka samu ƙusoshin idan na cikin kwali suka ƙare. Kafin ka tura kuɗi, leƙa Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko kasuwar kayan gini ta garinku, ka ga irin ƙusar da ake samu. Bindigar da sai an yi odar ƙusarta daga Sin ta zama abin ado.

Abu na ƙarshe, wanda masu talla ba sa ambata, shi ne kunama. Iri biyu ne. Akwai wadda sai ka danna bakin bindiga a jikin katako, sannan ka ja kunama, ƙusa ɗaya ta fita. Akwai kuma wadda in ka riƙe kunama, duk abin da bakin ya taɓa sai ta harba, ko da ƙafarka ce ko ƙanenka da ya gifta. Irin ta biyun ce ke yin tas, tas ɗin da ke burge mu a bidiyo. Hukumomin kiyaye lafiyar ma'aikata na Amurka, OSHA da NIOSH, a jagorar da suka fitar a 2011, sun ƙiyasta cewa raunin bindigar ƙusa na kai mutum kusan 37,000 sashen gaggawa na asibiti kowace shekara a ƙasar, kuma haɗarin mai harbi da taɓawa ya ninka na ɗayar sau biyu. Hannu da yatsu ne suka fi shan wahala. Zaɓi mai harbi ɗaya-ɗaya, sa tabarau na kariya, janye hannunka daga inda ƙusa za ta bi domin tana iya karkacewa ta fito ta gefe, kuma cire batir kafin ka zaro ƙusar da ta maƙale ko ka ajiye ta inda yara ke wasa.

Masu cewa guduma ta ishi kowa suna da gaskiyarsu. In sau biyu a shekara kake kafa ƙusa, bar kuɗinka a aljihu, ko ka kira kafintan unguwa ya ci abinci. Amma in kana yawan aikin katako, ko kana koyon sana'ar, nemi geji 18 mai batir, mai harbi ɗaya-ɗaya, daga kamfanin da batirinsa da ƙusarsa ke kasuwar garinku. Bangon bulo kuwa ka bar wa na'urar huji.