Shin 'Yan Tambayoyi Kaɗan Za Su Iya Gano Matsalar Barasa?

Mai karatu, idan ka je asibiti likita ya tambaye ka ko kana shan barasa, sau nawa kuma wane adadi, kada ka ɗauka ya ci mutuncinka. Gwaji ne yake yi maka, kamar awon jini. Sai dai kana da damar tambaya: ta yaya tambayoyi huɗu ko goma za su bayyana halin da mutum yake ciki? Ra'ayina shi ne abin dogaro ne, muddin an san iyakarsu, kuma an amsa su da gaskiya.

Biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne CAGE, wanda Dakta John Ewing ya tsara a Amurka. Tambayoyinsa huɗu ne: ko ka taɓa jin ya kamata ka rage sha, ko sukar mutane a kan shanka ta taɓa fusata ka, ko ka taɓa jin nadama, da kuma ko ka taɓa kurɓa da sassafe domin jikinka ya daidaita. Amsa "e" sau biyu alama ce ta a zurfafa bincike. Na biyu shi ne AUDIT, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 bayan nazari a ƙasashe shida, ciki har da Kenya. Tambayoyinsa goma ne, makinsa daga 0 zuwa 40, kuma wanda ya kai 8 ana ɗaukar shansa na da haɗari.

Aikinsu irin na rariya ne: su ware wanda ya kamata a zauna da shi. Ba su yanke hukuncin cewa wane ya kamu, wannan sai likita ya bincika. Kowannensu kuma yana da rauni. CAGE ya fi kama wanda barasa ta riga ta yi wa kanta, yakan tsallake mai yawan sha da bai kai nan ba, kuma bai cika dacewa da mata ba. Tun da yana tambayar abin da ya taɓa faruwa ne a tsawon rayuwa, wanda ya daina shekara ashirin da suka wuce ma zai iya samun maki. A wurinmu kuwa, inda addini da al'ada suka yi tir da barasa, wanda ya ɗanɗana sau ɗaya ma zai ce ya yi nadama. Shi kuma AUDIT yana ƙirga sha ne da ma'aunin giram 10 na tsantsar barasa, alhali burukutun da ake sha a ƙwarya ba shi da tsayayyen ƙarfi. Babban rauninsu duka shi ne kunya: wanda ya ɓoye, takarda ba za ta tona shi ba.

A matsayina na mai harhaɗa magunguna, nan ne damuwata take. Barasa tana ƙara wa hanta nauyi idan ta haɗu da paracetamol ko isoniazid na tarin tibi. Tare da diazepam ko tramadol tana iya danne numfashi. Ga mai ciwon sukari da ke shan glibenclamide, tana iya sa sukarinsa ya faɗi warwas. Sannan wanda ya saba sha kullum, idan aka kwantar da shi ya daina farat ɗaya, zai iya fara karkarwa cikin yini guda, bayan kwana biyu ko uku ya shiga ruɗewa mai barazana ga rai. Da an sani tun farko, akwai maganin da ke hana hakan.

Saboda haka, idan an tambaye ka, faɗi abin da kake sha da irin mazubin da kake sha da shi. Idan kana jin nauyin 'yan rakiya, nemi a keɓe da kai, sirrinka amana ne a wuyan ma'aikacin lafiya. Ku kuma iyalai, kada ku mai da waɗannan tambayoyi sandar dukan ɗan'uwanku a gida. Ku raka shi asibiti, ku ba shi wuri ya yi magana. Ɓoye ciwo ba ya maganinsa. Allah Ya ƙara mana lafiya.