Su Wane Ne Mutanen Nguru Da Gashuwa?

Tun da hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta isa Nguru a 1930, garin da aka sani da Galadiman Borno da Mangawansa ya zama matattarar jama'a iri-iri. Hausawa suka zo cinikin gyaɗa da fatu, Yarabawa suka kama safarar busasshen nama zuwa Ikko, Ibo kuwa suka shigo ta aikin reluwe da tireda. Jikokinsu suna nan, waɗansunsu ba su san wani gari ba.

Gashuwa labarinta dabam. Garin Badawa ne, can fadar Mai Bade ta koma daga Gogaram a 1946. Amma wanda ya ratsa kasuwa, Hausa zai fi ji, har yara da dama akan yi musu magana da Badanci su amsa da Hausa. Harsunan biyu kuwa dangin juna ne, in ji masana.

To, nawa ne yawan kowace ƙabila? Ba mai iya faɗa da hujja, domin ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ko addini ba. Duk wanda ya kawo lissafi, daga bakinsa ya samo shi. Amma fa da wannan lissafin baki ake jayayyar kujeru lokacin zaɓe. Jikan ma'aikacin reluwe kuwa, ko da a Nguru aka yanke cibiyarsa, in ya nemi aikin gwamnati ko gurbin jami'a, akan ce ya je garin kakansa ya karɓo takardar shaidar asali.