Shin Ƙungiyar Wasannin Jami'a Tana Bukatar Maskot?

Ya ku ɗalibai, watakila kun taɓa kallon wasa a talabijin, kuka ga wani mutum sanye da kayan zaki ko na mikiya, da ƙaton kai, yana tsalle-tsalle a gefen fili, yana zuga 'yan kallo su yi shewa. Wannan shi ake kira maskot. Wani lokaci kuma dabba ce mai rai ake jawowa da igiya a zagaya da ita. Kalmar daga Faransanci ta fito, ma'anarta kuwa abin da ake jin yana kawo sa'a. Ta yi fice ne a shekarar 1880, sa'ad da wani mai tsara kiɗa, Edmond Audran, ya shirya wasan kwaikwayo na waƙa game da wata yarinya mai kiwon talo-talo, wadda duk gidan da ta zauna sai arziki ya biyo ta.

Jami'o'in Amurka ne suka fi kowa riƙo da wannan al'ada, har ta kai ga wasu suna ganin ƙungiyar da ba ta da maskot ba ta cika ƙungiya ba. To, shin haka abin yake? Ni dai a ganina ba dole ba ne. Maskot ado ne, kuma ƙungiya tana iya tsayuwa da ƙafafunta ba tare da shi ba. Amma adalci shi ne mu fara sauraron masu cewa dole ne, domin hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Hujjarsu ta farko ita ce haɗin kai. Jami'a gari ce guda, ta tara dubban mutane daga wurare daban-daban. Ɗalibi ya yi shekara huɗu ya wuce, 'yan wasa su canza, mai horarwa ya tafi wani ya zo. Ana bukatar wani abu da zai dawwama, wanda tsohon ɗalibi da sabon shiga za su gani su ce namu ne. Jami'ar Yale ta riƙi kare a matsayin maskot tun wajen ƙarshen ƙarni na 19. Jami'ar Jojiya kuwa tun 1956 take da wani farin kare mai suna Uga. Idan ya mutu sai a ɗauko wani daga zuriyarsa a ba shi sunan, shi kuma a binne shi a cikin filin wasan. Hujja ta biyu ita ce yara da kuɗi. Ƙaramin yaro bai san dokokin wasa ba, amma ya san zakin nan mai rawa, kuma zai matsa wa iyayensa su kai shi. Jami'a kuma tana sayar da riguna da huluna da 'yan tsana masu hoton dabbar, ta sami kuɗin shiga.

Mu ma nan gida son irin wannan abu ba baƙonmu ba ne. A ƙasar Hausa ɗan dambe ba ya shiga fage shiru. Mai kalangu yana kaɗa masa takensa, shi kuma yana yi wa kansa kirari, har tsikar jikin 'yan kallo ta tashi. Haka Ɗan Anace ya riƙa wasa Shago har sunansa ya zagaye ƙasa. Sarakuna ma da sunayen dabbobi ake kambama su: zaki, giwa, bajimi. Waɗanda suka tashi a ƙasar Yarabawa sun san aikin da oriki yake yi a zuciyar mai shi. A fagen ƙwallo, ana kiran Enyimba ta Aba giwar jama'a, ana danganta Rangers ta Inugu da barewa, magoya bayan Kano Pillars kuma suna cewa "Sai masu gida!" Ɗaliban Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka suna kiran kansu zakuna, kuma zaki ne a jikin tambarin jami'arsu.

Sai dai ku lura da wani bambanci, domin a kansa maganar ta rataya. Duk waɗannan da na lissafa sunaye ne da kirari. Suna yana zaune a bakin mutane da zukatansu. Maskot kuwa riga ce da ake sanya wa wani, ko dabbar da ake tsarewa. Ɗalibin Nsukka yana jin shi zaki ne ko da bai taɓa ganin kowa cikin rigar zaki ba. Ashe ke nan ana iya samun haɗin kan da ake nema ba tare da rigar ba.

Babban misali a nan shi ne Jami'ar Mishigan. Ana kiran 'yan wasanta da sunan wata dabbar ƙasashen sanyi, wulbarin, 'yar'uwar dagen da muka sani, ƙarama amma mai tsananin faɗa. A shekarar 1927, lokacin da aka buɗe sabon filin wasan jami'ar, shugaban wasanninta, Fielding Yost, ya samo irin waɗannan dabbobi guda biyu daga gidan namun daji na Ditroyit. Aka sa su a keji ana zagayawa da su a gaban 'yan kallo. Ba a jima ba dabbobin suka gagari masu ɗaukarsu, dole aka daina. Har yau jami'ar ba ta da maskot. A shekarar 2011 shugaban wasanni na lokacin ya tayar da maganar a ƙirƙiro wani saboda yara, magoya baya da yawa suka nuna ba sa so, maganar ta bi ruwa.

Me Mishigan ta rasa? Filin wasanta shi ne mafi girma a Amurka, yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, kuma cika yake yi. Ƙungiyarta ta zari-ruga irin ta Amurka ta fi ta kowace jami'a yawan nasarori a tarihi, ta cika nasara 1,000 a shekarar 2023, ta kuma ɗauki kofin ƙasa na kakar wasan wannan shekarar. Abin da ya haɗa kan mutanenta shi ne launin rawaya da shuɗi da ɗalibai suka zaɓa tun 1867, da waƙar nasara da wani ɗalibi, Louis Elbel, ya tsara a 1898, da hular kwano mai zanen fukafukai da suka fara sanyawa a 1938. Biyu daga cikin ukun nan daga hannun ɗalibai suka fito. Abin da mutane suka gina da kansu shi suke riƙewa da daraja. Wanda aka ɗora musu daga ofis kuwa, kayan aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Bayan haka, maskot yana iya zama abin cutarwa. Shekaru da dama wasu jami'o'in Amurka suna amfani da siffar 'yan asalin ƙasar, wato al'ummomin da Turawa suka tarar a can. Sai a sami ɗalibi ya shafa fenti a fuska, ya ɗaura gashin tsuntsu a ka, ya fito yana rawa ana tafi. Su kuwa masu al'adar, waɗannan tufafi da raye-raye abubuwa ne masu alfarma a wurinsu. Sun yi ta kuka har aka saurare su. Jami'ar Stanford ta jefar da irin wannan suna a 1972. A 2005 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta kafa doka a kan maskot masu wulaƙanta wata al'umma, a 2007 kuma Jami'ar Ilinoi ta daina fito da nata, wanda ta riƙe tun 1926. Jami'ar Jihar Fulorida ta ci gaba da amfani da sunan Saminol ne saboda shugabannin wannan al'umma a jihar sun ba ta izini.

Ku kawo wannan misali gida ku auna. A ƙasar da take da harsuna ɗaruruwa kamar tamu, yaya za ku ji idan wata jami'a ta ɗauki ɗalibi ta sanya masa kayan sarautar garinku, ko kayan dodon gargajiya na kakanninku, ya fito yana wasan ban dariya don a ci ƙwallo? Wanda ya ce ai wasa ne, a gwada da al'adarsa a gani. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa.

Dabba mai rai ita ma da tata matsalar. Ba a halicci sa ko damisa don su tsaya a tsakiyar mutum dubu tamanin masu ihu da ganguna ba. A ranar 1 ga Janairu, 2019, kafin wani babban wasa tsakanin Jami'ar Tekzas da ta Jojiya, an kawo karen nan Uga kusa da Bevo, ƙaton sa mai dogayen ƙahoni na Tekzas, don a ɗauki hoto. Sai san ya ture shinge ya yi kan karen, masu ɗaukar hoto suka watse. Allah ya kiyaye, abin ya zo da sauƙi. Amma wane amfani ne ya kai a sa dabba da mutane cikin irin wannan haɗari?

Hujjata ta ƙarshe ita ce ta fi shafar mu. Tun 1966 jami'o'in Nijeriya suke haɗuwa don gasar wasanni ta NUGA, wadda aka fara a Ibadan. Duk da wannan dogon tarihi, da yawa daga cikin gwanayenmu a jami'o'in waje suka gama gogewa. Hakeem Olajuwon ya bar Legas a 1980 ya tafi Jami'ar Hustan, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan ƙwallon kwando na duniya. Tobi Amusan, 'yar Ijebu Ode, ta tafi Jami'ar Tekzas da ke El Paso a 2016, a 2022 kuma ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100, da daƙiƙa 12.12. Maskot ɗin jami'arta wani mai haƙar ma'adinai ne riƙe da diga. Kuna jin shi ya ja ta zuwa can? Abin da yake jan ɗan wasa shi ne tallafin karatu, da ƙwararren mai horarwa, da filin gudu mai kyau, da likitan da zai duba shi idan ya ji rauni, da gasa a kai a kai. Jami'ar da filinta ya cika da ciyawa, 'yan wasanta suna karɓa-karɓar takalma, idan ta zauna taron zaɓen dabbar da za a ɗinka wa riga, ta bar jaki tana dukan taiki. Ana ta kai, wa yake ta kaya?

Ban ce a hana maskot ba. Nishaɗi yana da muhimmanci a wasa, kuma filin da babu raha a cikinsa ba ya jan 'yan kallo. Idan jami'a tana so, to ta cika sharuɗɗa uku. Na farko, ya fito daga ɗalibai, ya kuma dace da tarihin wurin. A Stanford, bayan an bar tsohon suna, 'yan ƙungiyar kiɗa ta ɗalibai ne suka ƙirƙiro wata bishiya mai rawa, domin akwai bishiya a tambarin jami'ar, kuma har yau tana fitowa ko da yake hukuma ba ta naɗa ta ba. Na biyu, kada ya taɓa mutuncin wata ƙabila ko addini, kada kuma ya wahalar da dabba. Na uku, kada a kashe masa ko kwabo sai an biya bukatun 'yan wasa.

Da yawa daga cikinku za ku shiga jami'a nan ba da daɗewa ba, wasu ma za su shugabanci ƙungiyoyin ɗalibai. Kafin nan, ku dubi gasar wasanni ta gidaje da ake yi a makarantarku kowace shekara. Launin riga ne kawai da waƙar da kuka ƙirƙira da bakinku, amma kuna ihu har muryarku ta dushe. Ranar da aka kawo muku shawarar kashe kuɗi a kan maskot, ku fara tambaya ko akwai ƙwallo, ko akwai akwatin magani a bakin fili, ko an biya mai horarwa haƙƙinsa. Idan an amsa muku da e, sai ku zaɓi dabbarku cikin farin ciki. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ma'anar Kalmomi

Zuga: ƙarfafa wa mutum gwiwa da magana ko kiɗa.
Kirari: kalmomin yabo da mutum yake yi wa kansa ko ake yi masa.
Take: kiɗan da aka keɓe wa wani mutum, wanda ake gane shi da shi.
Kambama: ɗaukaka mutum da yabo.
Dage: ƙaramar dabbar daji mai ƙarfi da taurin kai, mai son zuma.
Alfarma: daraja da girma.
Jarfa: zanen ado da wanzami yake yi a fata da aska.

Tambayoyi

1. Daga wane harshe kalmar maskot ta fito, kuma mece ce ma'anarta ta asali?
2. Kawo hujjoji biyu na masu cewa dole ne ƙungiya ta sami maskot.
3. Wane bambanci marubucin ya nuna tsakanin suna da maskot?
4. Waɗanne abubuwa uku ne suka haɗa kan magoya bayan Jami'ar Mishigan?
5. Bayyana ma'anar karin maganar nan: "Wanzami ba ya son jarfa."
6. Rubuta sakin layi biyu a kan ra'ayinka: shin makarantarku tana bukatar maskot?