Dokar Auren Jinsi: Me Ikkilisiya Take Nema A Ƙofar Gidan Yari?

Ni Bahaushe ne, Bakano, kuma Kirista. Na faɗi haka tun da fari ne don mai karatu ya san daga inda nake magana. Game da aure kuwa, abin da na yi imani da shi shi ne abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar tun daga Littafin Farawa, watau aure alkawari ne tsakanin namiji da mace, kuma ba na neman wani limami ko fasto ya ɗaura waninsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne dokar hana auren jinsi ɗaya ta 2014, da irin tafin da shugabannin Ikkilisiya suka yi mata. A ganina wannan tafi kuskure ne babba, kuma duk ƙasar nan babu wanda ya kamata ya ji tsoron irin wannan doka kamar Kirista mazaunin Kano.

Bari mu fara da tarihinta a taƙaice. Gwamnatin Obasanjo ce ta fara kai ƙudurin majalisa a 2006, Ikkilisiyar Angilikan ta Nijeriya a ƙarƙashin Akbishop Peter Akinola ta goyi bayansa, amma bai kai ga zama doka ba. A watan Nuwamba na 2011 Majalisar Dattawa ƙarƙashin David Mark ta amince da wani sabon ƙuduri, Majalisar Wakilai ta bi sahu a watan Mayu na 2013, sannan Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a watan Janairu na 2014. Nan da nan sai yabo ya ɓarke. Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya ta yaba, Akbishop Ignatius Kaigama ya rubuta wa shugaban ƙasa wasiƙar jinjina a madadin bishop-bishop na Katolika.

To, tambaya ta farko: shin wace ɓaraka dokar ta zo ta ɗinke? Kafin 2014, a wace majami'a, a wane masallaci, a wane ofishin rajistar aure aka taɓa ɗaura wa namiji da namiji aure har hukuma ta ba su takarda? Dokar aure ta 1914, da Shari'ar Musulunci, da al'adun gargajiya, babu wadda ta san irin wannan aure. Shi kansa aikin luwaɗi, sashe na 284 na kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya riga ya yanka masa ɗaurin shekara 14, ga kuma kundin Shari'a da Jihar Kano ta kafa a 2000. Ashe ƙofar da aka ce an zo rufewa, da ma a rufe take da sakata.

Sabon abin da dokar ta kawo yana cikin sashe na 4 da na 5, kuma ina roƙon kowane ɗalibi ya nemo su ya karanta da idonsa. Ban da shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren, akwai shekara 10 ga wanda ya shaida shi ko ya taimaka, da shekara 10 ga wanda ya shiga ko ya tallafa wa wata ƙungiya ko taro na irin waɗannan mutane, da shekara 10 ga wanda ya nuna alamar soyayyar jinsi ɗaya a fili, kai tsaye ko a fakaice. Mai karatu ya tsaya a kan kalmar nan, a fakaice. A ƙasar Hausa, inda aboki kan riƙe hannun abokinsa tun daga Ƙofar Mata har Kasuwar Kurmi babu wanda ya ɗaga kai, wane ne zai fayyace mana iyakar fakaice? Ɗan daudun da ke tuyar kaji a bakin tasha, wanda kakanninmu suka san irinsa suka kuma san yadda suka zauna da shi, tafiyarsa kaɗai ta isa shaida ke nan? Likitan da ya tara marasa lafiya ya yi musu bayani fa, ko faston da ya tara su don yi musu gargaɗi, taro suka tallafa wa ko kuwa?

Mu dubi abin da ya biyo baya. A cikin Janairun 2014 ɗin nan, taron jama'a suka yi ta jifan wata kotun Shari'a a Bauci da duwatsu, suna neman a miƙa musu hukuncin da suke so tun alƙali bai gama sauraro ba. A watan Fabrairu, a unguwar Gishiri ta Abuja, 'yan sara-suka suka bi gida-gida cikin dare suka fito da samari fiye da goma suka lakaɗa musu duka. A Afrilun 2017 an kama mutum 53 a Zariya, aka ce bikin aure ne, su kuwa suka ce bikin ranar haihuwa ne. A nan Kano, Hisba ta kama mutum 12 a Janairun 2015, da mutum 19 a Disambar 2022, bisa irin wannan zargi. A Legas aka gurfanar da mutum 47 da aka kama a wani otal a 2018, aka nuna fuskokinsu a talabijin, amma a Oktoban 2020 Mai Shari'a Rilwan Aikawa ya kori ƙarar saboda masu gabatar da ƙara sun kasa tsayawa su kawo shaidu. An sake su, amma wa zai mayar musu da sunansu da aikinsu? Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2016 ya nuna cewa babban amfanin da aka yi da dokar shi ne tatsar kuɗi da barazanar tona asiri. Daɗin daɗawa, wani bincike da aka yi a Abuja, aka buga a mujallar likitoci ta Lancet HIV a 2015, ya gano cewa masu tsoron zuwa asibiti a cikin irin waɗannan maza sun ƙaru daga kashi 25 zuwa kashi 38 cikin ɗari bayan dokar. Cuta kuwa ba ta tsayawa a jikin mutum ɗaya, har gidan matan aure takan kai.

Sai kuma mu tuna lokacin da aka yi dokar. A 20 ga Janairu 2012 an kashe mutum kusan 185 a Kano rana ɗaya. A 29 ga Afrilu na shekarar aka buɗe wa Kiristoci wuta suna sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, har da furofesoshi cikin mamatan. Wata ɗaya bayan sa hannu aka yanka ɗalibai a Buni Yadi, aka kuma dakatar da Malam Sanusi Lamido Sanusi daga Babban Banki bayan ya yi maganar dala biliyan 20 da ba su shiga asusu ba. A Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 daga Cibok, a Nuwamba aka tayar da bam a Babban Masallacin Juma'a na cikin birni. Ga zaɓen 2015 ya ƙarato, ga gwamnoni biyar, har da na Kano, sun fice daga jam'iyya mai mulki. Gwamnatin da ta kasa tsare majami'a da masallaci da makaranta ta sami abu mai araha da za ta sayi bakin malaman addini da shi, su kuma suka sayar. An bar jaki ana dukan taiki, mu kuma muna tafi. Kaico!

Yanzu ga maganata da 'yan'uwana Kiristoci. Zunubi daban, laifin da hukuma ke ɗaure mutum a kansa daban. Bulus Manzo, a wasiƙarsa ta fari ga Korantiyawa, ya jera wannan aiki a layi ɗaya da haɗama da maye da zage-zage da zamba. In za a ɗaure kowane mai haɗama shekara 14, kujerun gaba na majami'u da yawa za su zama kango ranar Lahadi. A Bisharar Yahaya sura ta 8 an kawo wa Yesu Almasihu macen da aka kama tana zina, jama'a riƙe da duwatsu. Bai ce abin da ta yi daidai ne ba, ya ma gargaɗe ta ta daina, amma sai da ya sa kowa ya ajiye dutsensa tukuna. Mu kuwa a 2014 duwatsu muka taya tarawa. Littafin Maimaitawar Shari'a sura ta 19 ya hana yanke hukunci da bakin mutum ɗaya, ya kuma ce a ɗora wa mai shaidar zur irin hukuncin da ya nema wa ɗan'uwansa. Ina makamancin wannan kariya a dokar da muka yaba?

Kada a ce wannan ra'ayin 'yan boko ne. Taron Lambeth na 1998, inda bishop-bishop na Afirka suka tsaya tsayin daka har aka zartar cewa aikin ya saɓa wa Littafi Mai Tsarki, a cikin wannan ƙuduri ɗin aka yi alkawarin sauraron waɗannan mutane da kula da su. Shugabanninmu sun riƙe rabin farko sun yar da na biyu. A Fabrairun 2023, a hanyarsu ta dawowa daga Sudan ta Kudu, marigayi Fafaroma Francis da Akbishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, sun yi tir da dokokin da ke ɗaure mutum a kan wannan hali, alhali Ikkilisiyar Katolika ba ta taɓa yarda da auren ba.

Na san abin da za a ce: Turawa ne ke matsa mana. Gaskiya ne, a 2011 Firayim Ministan Ingila David Cameron ya yi barazanar rage agaji ga ƙasashen da suka ƙi bin ra'ayinsu, kuma wannan raini ne, ban yarda da shi ba. Amma fa wanda ya yi doka don ya ba Bature haushi, har yanzu Baturen ne ke juya shi. Kuma Cameron bai kwana ko ɗaya a ofishin 'yan sanda ba, 'ya'yan talakawanmu ne suka kwana.

Ga dalilina na ƙarshe, wanda ya fi ci mini rai. Mu Kiristocin Kano mun san abin da zargi kan yi. A watan Yuni na 2016, a kasuwar Ƙofar Wambai, an kashe wata dattijuwa 'yar kasuwa Kirista a kan magana, babu alƙali babu shaida. Malaman Musulunci da dama sun yi tir, amma a Nuwamba kotu ta sallami mutum biyar da aka kama. Musulmin Kano ma sun ɗanɗana: a Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, an ƙone mafarauta 16 masu komowa gida Salla, don kawai wani ya yi ihu ya ce masu satar mutane ne. Duk dokar da ta koya wa jama'a cewa zato ya isa hujja, makami ce da ba ta san mai ita ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. 'Yan'uwana Musulmi kuma sun san cewa Shari'a ta nemi shaidu huɗu a kan zina, ta kuma yanka wa mai ƙazafi bulala 80, don dai a tsare mutuncin bayin Allah. Addinan nan biyu duk sun fi wannan doka tsoron zaluntar marar laifi.

Saboda haka ga abin da nake kira a kai. Sashe na 1 zuwa na 3, masu cewa hukuma ba ta san wani aure ba sai na namiji da mace, a bar su yadda suke. Sashe na 4 da na 5 kuwa a soke su, gama sun yi karo da sashe na 37 da na 40 na tsarin mulkin 1999, masu kare sirrin mutum da 'yancin taro, waɗanda su ne dai ke kare sujadarmu. Shugabannin Ikkilisiya su fito su tsawata wa masu duka da masu tatsar kuɗi da irin ƙarfin muryar da suka yi yabo da ita. Ɗaliban shari'a kuma su kawo dokar zauren muhawara a karanta ta sashe-sashe. Aikin Ikkilisiya wa'azi ne da jan mutum zuwa tuba, kuma tuban da aka yi don tsoron gandiroba bai kai ko'ina ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya sa mu gane.