Gubar da ta kai ƙarshen duniya ba za ta tsallake tukunyarmu ba

1/ Jiya a ajinmu wani ya ce maganar gurɓatar muhalli "surutun Turawa ne, mu yunwa ce damuwarmu". Aka yi dariya, ni ban yi ba. Ku ɗan ba ni hankalinku, zaren na da tsawo.

2/ Akwai wani tsibiri na ƙasar Norway can arewacin duniya, sunansa Bjørnøya. Ba masana'anta, ba gona, sai ma'aikatan tashar duba yanayi da dubban tsuntsayen teku. Amma da masana suka gwada manyan tsuntsayen wurin, sai ga PCB da burbushin DDT maƙare a jikinsu.

3/ PCB sinadari ne da ake sa wa a man tsofaffin taransifoma. Amurka ta hana yin sa tun 1979. To me ya kai shi can? Iska da ruwa. Ba ya ruɓewa da wuri, kuma a kitse yake maƙalewa. Ƙananan halittun ruwa su sha, kifi ya ci su, tsuntsu ya ci kifi. Duk hawa ɗaya, gubar sai ta ƙara taruwa.

4/ Wanda ke can sama shi ke kwasar kaso mafi tsoka, kuma mutum ma a sama yake. A shekarun 1980 an samu PCB a nonon matan Inuit na arewacin Kanada fiye da na matan biranen kudu. Jariri bai taɓa ganin masana'anta ba, ya fara da guba.

5/ Yanzu mu dawo gida. Ni ɗan Babban Mutum ne. Hutun da ya wuce, da idona na ga wani ɗan kasuwa yana yayyafa magani cikin waken da zai ɗura a buhu, hannu ba safa. Na yi magana, ya ce "Ɗan boko, ai wanki ɗaya ya fita."

6/ Sai na faɗi gaskiya ko da ta rage min hujja: fiya-fiya ba ya daɗewa a ƙasa kamar DDT, shi cutarsa ta nan take ce. Amma Gamalin fa? Wanda wasu ke zubawa a ruwa don kifi ya taso? Lindane ne, kuma a 2009 aka sa shi cikin jerin gubobi masu naci na Yarjejeniyar Stockholm. Jeri ɗaya da PCB ɗin tsuntsayen can.

7/ Ga mai cewa yunwa ce damuwarmu: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen waken Najeriya saboda yawan dichlorvos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Sun ce ba sa ci. Tambayata, waken da suka ƙi, wa ya ci? Kai da ni, a garau-garau da ƙosai.

8/ Najeriya na cikin yarjejeniyar nan ta 2001, wadda ta sa 2025 a matsayin wa'adin daina amfani da na'urori masu PCB. Wa ya taɓa jin an zo unguwarsu an gwada man taransifomar da ke ɗiga, wadda awaki ke kiwo a gindinta?

9/ Shamuwa ma na tuna da ita. Tana zuwa da damina, tana bin fara a gonakin da muka yi wa feshi. Na Norway an ɗebi jininsu an auna. Tamu sai dai mu ce "bana ba su zo da yawa ba."

10/ Kuma abin haushin, ta wake akwai mafita a kasuwa: buhun PICS mai leda biyu a ciki. Ka ɗaure da kyau, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu, ba ɗigon magani. Na saya wa Inna guda biyu da kuɗin makarantar da na rage. Kawu ya ce ɓarnar kuɗi ce. Na ce masa mu haɗu bayan wata shida mu buɗe nasa da nata.