Idan Gwiwar Mai Ciwon Zuciya Ta Kumbura A Gadon Asibiti

Yau da ke nake, ke da kike jinyar maigida ko mahaifi a sashen masu ciwon zuciya. Numfashi ya fara daidaita, kumburin ƙafa ya saɓe, sai kawai aka wayi gari gwiwa ko babban yatsan ƙafa ya yi suntum, ya ɗau zafi, ko zani ya taɓa wurin sai ihu. 'Yan dubiya za su ce sanyi ne. Kada ki tsaya a nan.

Abu uku likita zai fara tunani. Na farko ciwon gawut. Maganin sa fitsari irin su Lasix, da ake bayarwa don rage ruwan jiki, yana sa sinadarin yurik asid ya taru a jini, ya daskare cikin gaɓa kamar ƙananan allurai. Yakan taso da dare, ya kai maƙura cikin awa 24. Na biyu ƙwayoyin cuta, waɗanda kan bi jini su shiga gaɓa, wani lokaci daga wurin da aka sa allurar ƙarin ruwa. Wannan ne abin tsoro, domin cikin 'yan kwanaki yake cinye guringuntsi. Na uku zubar jini a cikin gaɓar, ga mai shan maganin tsinka jini irin warfarin.

A ido duk kamarsu ɗaya, har zazzaɓi gawut na iya kawowa. Gwajin jini ma bai isa ba, don yurik asid kan nuna daidai alhali ciwon yana kan ganiyarsa. Abin da ke raba gardama shi ne a zuƙo ruwan gaɓar da sirinji a kai ɗakin gwaji. Idan likita ya nemi haka, ki lallashi mara lafiya ya yarda.

Naki aikin shi ne ki sanar da nas nan take, ki faɗi lokacin da abin ya fara, da ko ya taɓa yin irinsa. Kada ki sayo diclofenac ko ibuprofen a kemis, suna tara ruwa a jiki, su wahalar da ƙoda, su mayar da zuciya 'yar gidan jiya. Ban da tausa, ban da ƙaho, kuma kada a daina Lasix sai da izinin likita.

Mai tambaya ta ajiye ta a ƙasa. Allah ya ƙara sauƙi.