Wasan Kartar Matsafa: Amanar da Ke Wuyan Mai Ƙirƙira

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ƴan'uwa Musulmi, akwai wani nau'in wasan karta da ya bambanta da wanda muka sani a bakin kasuwa. A cikinsa kowane ɗan wasa yana ɗaukar kansa matsafi, katunansa kuma su ne makamansa: wannan kati yana kiran aljani, wancan yana tayar da matattu, wani yana jifan abokin hamayya da annoba. Wasan ya iso wayoyin ƴaƴanmu, kuma duk matashin da ya iya zane da kwamfuta yana iya zama ya ƙirƙiri nasa. Ra'ayina shi ne, hani kawai ba zai wadatar ba. Wajibi ne mu san inda ɓarnar take, domin mai ƙirƙira ya kauce mata, uba kuma ya san abin da yake saya wa ɗansa.

Tushen wannan nau'i shi ne Magic: The Gathering, wanda wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya tsara, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a shekarar 1993. Kowane ɗan wasa yana farawa da maki 20 na rai, yana tara wani ƙarfi da suke kira mana mai launi biyar, ya yi ta jifa har makin abokinsa ya ƙare. A ƙarshen wannan shekara suka fitar da ƙarin katuna da aka ɗauko daga hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya, suka cika su da aljannu da ifiritai. Ba su tsaya nan ba: wani kati sunansa Jihad, wani kuma yana ɗauke da sunan Allah Maɗaukaki, ana ciniki da shi, ana jefa shi a kan tebur. Sai a shekarar 2020 kamfanin ya haramta amfani da katuna bakwai a gasanninsa saboda cin zarafin al'ummomi, har da katin Jihad. Shekara 27 ke nan kafin a gyara.

Darasi na farko yana nan. Ga wanda ya zana katunan a Amurka, aljani ƙage ne, daidai yake da Gizo da Ƙoƙi a wurinmu. Mu kuwa mun yi imani aljannu halitta ce ta gaskiya. Akwai sura sukutum da sunansu, kuma aya ta 6 a cikinta ta zargi mutanen da ke neman tsari da su. Sihiri ma ba almara ba ne: aya ta 102 ta Suratul Baƙara ta danganta koyar da shi ga shaiɗanu, hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito kuma ya sanya shi na biyu bayan shirka cikin zunubai bakwai masu halakarwa. A ƙasar da har gobe ake buga garaya ana hawan bori, ake zuwa wurin boka neman sa'a, katin da ke ɗauke da sunan Doguwa ko Sarkin Rafi ba zai zama wasa zalla ba. Yaron da ya saba da cewa nasara tana zuwa ta hanyar kiran iska, ranar da aka yi masa tayin na gaske ba zai ji baƙon abu ba.

Kada a ce tsoro ne marar tushe. Katunan tarot da ƴan duba na Turai ke amfani da su a yau, asalinsu wasa ne na fadawa a Italiya cikin ƙarni na 15. Sai a ƙarshen ƙarni na 18, a Faransa, aka fara jingina musu asirai ana duba da su. Abin da ya fara da nishaɗi ya ƙare a hannun masu da'awar sanin gaibu. Hatta kamfanin Magic ya ɗanɗana matsin iyaye Kiristoci: a 1995 ya goge tauraruwar tsafi daga jikin wani kati, ya kuma daina buga katunan shaiɗanu har zuwa 2002. Ashe mai ƙirƙira yana da zaɓi, kuma maganar iyaye tana da nauyi.

Darasi na biyu shi ne caca, wadda ta fi ɓuya. A dokokin farko na Magic, kowane ɗan wasa yana ajiye kati ɗaya, wanda ya ci ya kwashe. Daga baya aka watsar da wannan doka saboda kamanninta da caca. Amma hanyar sayarwa ta saura: ana sayar da katuna cikin ƙunshi rufaffe, mai saye bai san abin da ke ciki ba, yana fatan ya dace da kati mai tsada wanda ba a buga da yawa ba. Wannan shi ne garari da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana a cikin ciniki. Yana daga cikin dalilan da suka sa malaman Saudiyya suka yi fatawar haramta katunan Pokémon a 2001, kuma a 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatunan sa'a na wasannin kwamfuta a matsayin caca. Ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun riga sun bayyana sakamakon: gaba, ƙiyayya, da shagala daga ambaton Allah da salla.

Wani zai ce: to me zai hana a haramta wasan baki ɗaya a huta? Maganar tana da madogara. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaurukanmu, ta hana wasan nardi da shaɗaranji, kuma malamai da dama sun yi ƙiyasin karta a kansu. Wanda ya bar ta ɗungurungum ya kuɓutar da addininsa. Sai dai akwai malaman da suka sassauta da sharaɗin babu kuɗi, babu zagi, babu tozarta salla. Kuma yaran da muka hana a gida suna samun wasan baƙi a waya, inda babu mai tsawatarwa. Shi ya sa nake ganin matashin da Allah Ya ba basirar tsara wasa ya fi cancantar shiriya a kan kora.

Gare ka, mai ƙirƙira: kada sunan Allah, ko aya, ko hatimi, ko sunan annabi ko mala'ika ya hau katin da za a jefa ƙasa. Kada ka sa sunan iskar da ake yi wa yanka, ko lafazin da boka ke faɗa. Sayar da katunanka a buɗe, kowa ya ga abin da ya biya. Ƙarfin ɗan wasa ya fito daga dabara, haƙuri da tanadi: ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma, da rijiya da guzuri da guguwar Tenere, ya isa a gina wasa mai daɗi, wayon Gizo da wautar Kura sun isa a yi dariya. Ka tuna katunan da suka shiga Turai a ƙarni na 14 ta hannun Mamalik na Masar suka bi, kuma ragowarsu da ke fadar Topkapi a Istanbul ba su da surar mutum, sai kofuna, takubba, tsabar kuɗi da sandunan wasan dawaki cikin ado mai ƙayatarwa.

Gare ku, iyaye: ku karɓi katunan ko wayar ku duba da idonku, ku tambayi yaro me wannan kati yake yi, nawa kuma ya biya. In ladan ya kira salla, a kife katuna ko da wasa ya kai tsakiya.

Allah Ya tsare imaninmu da na zuriyarmu, Ya kare mu daga shirka da sihiri da cin haram. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.